Amsoshin Tambayoyinku: Shin Dutsen Tausa Yana Tura Siram Cikin Fata?

TAMBAYA

Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana huɗu. Na yi wajen shekara shida ina shafa man bilicin, amma yau shekara guda ke nan da na daina, alhamdu lillahi. Tun da na daina, fuskata ta yi dabbare-dabbare, kumatuna kuma suka fara saki. Wata mai sayar da kayan gyaran jiki a Instagram ta haɗa mini kwalaben siram guda uku: na bitamin C, da na retinol, da wani da aka rubuta PDRN a jikinsa, ta ce yana sabunta fata ta koma kamar ta jariri. Ta haɗa mini da wani koren dutse mai faɗi da ake kira guwasha, da kuma rola. Ta ce in shafa duka ukun safe da dare, in kuma danna dutsen sosai, wai shi ne yake tura maganin can ciki. Sati uku ke nan ina yi, minti goma-goma. Yanzu kumatuna raɗaɗi suke yi, in na yi alwala kamar an watsa mini barkono, wurin kuma ya ƙara baƙi. Da na yi mata magana sai ta ce alama ce ta maganin yana aiki, in ƙara da rola mai allurai don ya fi shiga. Anti, don Allah ki fahimtar da ni: dutsen nan yana da amfani kuwa? Wanne ake farawa da shi, siram ko dutse? Kuma in sayi mai alluran?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA

'Yar'uwa, na gode da wannan wasiƙa, kuma kafin komai ina taya ki murnar rabuwa da man bilicin. Duk wadda ta taɓa shiga ta san fitar ba ƙaramin jihadi ba ne, musamman watannin farko da fuska ke rikicewa, mutane kuma suna tambayar ko lafiya. Kin riga kin yi mafi wuyar aikin. Abin da ya rage shi ne kada gaggawa ta rushe abin da haƙurin shekara guda ya gina.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ki ajiye kwalaben nan uku da dutsen da rolar daga yau har tsawon sati biyu, ko fiye in raɗaɗin bai lafa ba. Zafin da kike ji in ruwa ya taɓa ki kukan fata ne, tana gaya miki cewa garkuwarta ta tsage. A cikin waɗannan kwanaki abu uku kawai za ki yi: ki wanke fuska da sabulu marar ƙamshi mai laushi da ruwan da bai yi zafi ba, ki shafa mai wanda ba a cakuɗa shi da komai ba, kamar basilin ko tataccen man kaɗanya in ba ya fito miki da ƙuraje, sannan da rana ki shafa man kariya daga rana. Kada ki yi dilka a fuska, kada ki goga kurkur ko lemun tsami, kada ki dirje da soso. Idan sati biyu suka cika ba ki ga sauƙi ba, ko wurin ya fara tsatsar da ruwa, ki je ki ga likitan fata. Daga Kaduna, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi miki nisa ba.

Yanzu bari mu zauna mu warware tambayoyinki a tsanake.

Ƙofar fata da abin da ke iya wuce ta

Saman fatarmu akwai wani siririn shimfiɗi wanda bai kai kaurin silin gashi ba. An gina shi kamar katangar tubali: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, maiƙon da ke tsakaninsu kuma shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ta riƙe su. Allah ya yi wannan katanga ne don ta hana ruwan jiki tsiyayewa waje, ta kuma hana ƙwayoyin cuta da guba shiga. Duk abin da kika shafa, da ita yake fara karo.

A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu a Amsterdam, Bos da Meinardi, suka wallafa wata ƙa'ida da masana ke aiki da ita har yau. Sun lura cewa sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500, wato ma'aunin da ake auna ƙwayoyin sinadarai da shi, da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Ki ɗauki misalin tankaɗe. Gari mai laushi yana bi ta rariya da kansa, ko ba ki danna ba. Tsaki kuwa yana nan a sama. In kika sa hannu kika yi ta murza shi da ƙarfi, tsakin ba zai koma gari ba, rariyar ce za ta yage. Abin da ya faru da kumatunki ke nan.

Saboda haka gaskiyar magana ita ce: dutse ba ya tura siram cikin fata kamar yadda ake tura turmi cikin ɗaki. Tausa tana iya baza man daidai a ko'ina, tana ɗumama wurin kaɗan, amma girman ƙwayar sinadari da yadda aka haɗa shi a masana'anta su ne ke yanke hukuncin ko zai shiga.

Abin da ke cikin kwalabenki

Kalmar "sabunta fata" da masu talla ke yawan faɗa ta tattaro abubuwa masu bambancin daraja, don haka ya kamata a rarrabe su.

Retinol ɗan gidan bitamin A ne, nauyinsa bai kai dalton 300 ba, yana shiga fata ba tare da taimakon kowa ba. A cikin duk abin da ake shafawa don rage tamoji, danginsa ne suka fi kowa ƙwaƙƙwarar shaida. Babban yayansa, tiretinoyin, ya samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, a 1971 a matsayin maganin ƙurajen fuska, sannan a 1995 aka amince da shi don ƙananan tamoji da illar rana. Yana hanzarta sauyin ƙwayoyin fata, yana kuma zaburar da ita ta saƙa kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya tsaf. Amma yana da zafin hannu. Da dare kawai ake shafa shi, kamar girman ƙwayar wake ga fuska gaba ɗaya, sau biyu a sati a farko. Ke kuwa an sa ki shafa shi sau goma sha huɗu a sati, kina kuma bin sa da dutse. Sannan mai ciki da mai neman ɗaukar ciki ba sa amfani da shi, mai shayarwa kuma ta fara tambayar likita.

Bitamin C shi ma ƙarami ne, dalton 176. Yana taimakawa wajen dusashe tabo da kare fata daga ɓarnar rana. Sai dai asalin nau'insa ba ya shiga fata sai an haɗa shi da tsami sosai, shi ya sa yake yi wa fatar da ta ji rauni zogi. Kuma zafi da haske da iska suna kashe shi. In kika ga ruwan ya rikiɗe daga fari ko ruwan ɗorawa mai haske ya koma ruwan ƙasa, ya lalace, ki zubar. A zafin bazarar Arewa, kwalbar da ta kwana biyu a kan taga ko a cikin mota ta gama yawo.

Shi kuwa PDRN gutsattsarin sinadarin gado ne na DNA da ake tatsowa daga maniyyin kifin salmon. Ya yi suna a Koriya ta Kudu, amma yawancin sunan daga allurar da likitoci ke yi a asibiti ya samo shi, inda ake ajiye shi a ƙarƙashin katangar nan da muka ambata. Ƙwayarsa tana da nauyin dubun-dubatar dalton. Wanda aka zuba a kwalba don shafawa yana iya sanyaya fata ya riƙe mata laima, amma kada ki sa ran zai yi aikin allura. Haka abin yake ga EGF, sinadarin da ke umartar ƙwayoyin fata su hayayyafa. Gano shi babban ci gaban kimiyya ne, har ya sa Stanley Cohen ya samu kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini, sai dai nauyinsa ya kai wajen dalton 6,000, ninki goma sha biyu na abin da ƙofar fata ke bari. Akwai kuma wanda ake yayi yanzu mai suna eksozom. Tun watan Disamba na 2019 FDA ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikin kayan eksozom a matsayin magani ba.

Wani abin lura gare mu Musulmi shi ne tushen waɗannan sinadarai. Wasu daga kifi ne, wasu daga yauƙin dodon koɗi, wasu daga ƙwayoyin jikin ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji, wasu kuma daga tsiro, kamar EGF ɗin da ake samarwa daga sha'ir a ƙasar Aisland. Ki riƙa karanta jikin kwalba, abin da ya shige miki duhu ki kai wa malamai.

To, mene ne amfanin dutsen?

Yana da amfani, kuma ba na so ki jefar da shi. Guwasha tsohuwar hanyar magani ce ta mutanen Sin. Kalmar tana nufin kankare fata har jan tabo ya fito. A asali a gadon baya da kafaɗa da wuya ake yi, da ƙahon ɓauna ko cokalin tangaran ko tsabar kuɗi, don ciwon jiki da zazzaɓi, kuma yana barin shaida a jiki kamar yadda ƙahon wanzamanmu ke bari. Na fuska da ya bazu a duniya ta kafofin sada zumunta sassauƙan nau'i ne wanda bai kamata ya bar ko ɗigon tabo ba. Mai cewa ki danna sosai ta ɗauko dokar gadon baya ta ɗora wa kumatu.

Abin da tausar fuska ke yi a zahiri guda uku ne. Na ɗaya, tana ƙara gudun jini. A 2018 masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Tokyo, ƙarƙashin Farfesa Naoyuki Hayashi, sun sa mutane su gungura rola a kunci ɗaya na minti biyar, suka tarar jinin da ke zagayawa a wannan kuncin ya ƙaru har da kusan kashi 25 cikin 100, ya kuma ɗore fiye da minti goma. Wannan shi ne sheƙin da mace ke gani a madubi bayan tausa. Na biyu, tana kora ruwan da ya kwanta a fuska. Akwai wasu siraran magudanai a ƙarƙashin fata da ke kwashe rarar ruwa su kai shi ƙulluwan da ke gaban kunne da wuya. Ba su da famfo irin na zuciya, motsi ne ke tafiyar da su. Shi ya sa fuskar da ta tashi a kumbure da asuba, bayan abinci mai gishiri ko kuka ko ƙarancin barci, take saɓewa in an shafe ta a hankali. Na uku, tana sassauta jijiyoyin muƙamuƙi da goshi, waɗanda da yawanmu muke ɗaure su da damuwa ba tare da mun sani ba.

Duk waɗannan na ɗan lokaci ne, daga mintuna zuwa sa'o'i. Dutse ba ya narkar da kitse, ba ya sauya ƙirar ƙashi, ba ya ɗage fatar da ta saki ta zauna daram. Akwai wani bincike na 2017 da ya nuna cewa matan da suka shafa man gyaran fata da wata na'urar tausa mai motsi na sati takwas sun fi waɗanda suka shafa da hannu samun raguwar tamoji. Amma masu binciken na kamfanin L'Oréal ne, kuma na'urar mai inji ce, ba dutse ba. Alama ce mai daɗi, sai dai ba ta isa a gina alkawari a kanta ba.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakanninmu sun daɗe suna tausa jarirai bayan wanka da man shanu ko man kaɗanya. Ki tuna yadda hannun tsohuwa ke bi a jikin jinjiri: mai isasshe, tafin hannu a shimfiɗe, babu ja, babu dirza. Wannan hannun shi ne ma'aunin da za ki ɗauka zuwa fuskarki.

Dalilin da ya sa fatarmu ke buƙatar ƙarin lallashi

Yawancin bidiyon da ake gani na guwasha, masu farar fata ne ke yin su. Idan tasu ta ji jiki, ja take yi na kwana ɗaya ko biyu ta washe. Tamu kuwa ƙwayoyin da ke samar da launi a cikinta masu saurin amsawa ne. Duk abin da ya harzuƙa ta, ƙurji ne ko ƙuna ko goga, sai su zubo da ƙarin launi a wurin, kuma wannan baƙin yakan ɗauki watanni kafin ya tafi. Baƙin da kike gani a kumatunki sawun goga ne da tsamin bitamin C da zafin retinol da suka haɗu a wuri ɗaya. Ga shi kuma ja ba ya bayyana sosai a fatarmu, don haka mace takan wuce gona da iri ba ta gani ba. Ki dogara da abin da kike ji: ɗumi mai daɗi ya halatta, zafi ko zogi kuwa umarnin tsayawa ne.

Ke kuma kina da ƙarin dalili. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ko haidurokwinon ko makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata, yana fito da ƙananan jijiyoyin jini fili, yana kawo nankarwa. Fatar da ta sha shekara shida a haka kamar tsohuwar atamfa ce da ta sha wanki: tana da sauran kyau, amma ba a murɗa ta. Ba ke kaɗai ba ce a wannan hali. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙarin haske, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Yadda ake haɗa su ba tare da cutarwa ba

Bayan fuskarki ta huce sarai, ki dawo da abubuwan ɗaya bayan ɗaya, da tazarar sati biyu tsakanin kowanne, don in wani ya ƙi ki ki san ko wane ne. Ki fara gwada kowanne a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi na kwana biyu zuwa uku.

Dokar da za ki riƙe guda ɗaya ce: mai zafi shi kaɗai, mai sanyi da dutse. Retinol da bitamin C da duk wani mai saɓule fata, a shafa su da yatsa a hankali a ƙyale su. Waɗanda suka dace da tausa su ne masu sanyi da santsi, irin su hayaluronik asid da gilisarin da nayasinamaid, har da PDRN ɗin naki.

Game da wanda ake farawa da shi, ga jerin. Ki wanke fuska da hannu. Tun fatar tana da ɗan damshi, ki ɗiga siram mai sanyi ɗigo uku ko huɗu, ki dafa shi da tafin hannu. Ki jira kamar minti ɗaya. Sannan ki kawo mai wanda zai ba dutsen santsi, domin siram mai ruwa-ruwa yana bushewa da wuri, dutsen ya fara jan fata. Ɗigo huɗu ko biyar na man johoba ko sukwalen sun isa, ko man kaɗanya kaɗan da kika narkar a tafin hannu. Man kwakwa yakan toshe kafofin fatar masu ƙuraje, gara a bar shi ga jiki da gashi. Sai dutse ya zo a ƙarshe. Kada ki taɓa ɗora shi a busasshiyar fuska.

Ki kwantar da dutsen kusan a shimfiɗe a kan fata, kada ki tsayar da shi a kan kaifinsa kamar wuƙa. Ki fara da gefen wuya, daga ƙasan kunne zuwa ƙashin wuya, a hankali ƙwarai, kada ki danna maƙogwaro ko inda jijiya ke harbawa. Daga nan ki ja daga tsakiyar haɓa ki bi muƙamuƙi zuwa kunne. Sai daga gefen hanci ki bi kunci zuwa gaban kunne. Ƙarƙashin ido fatarsa ta fi ko'ina siranta, nauyin dutsen kaɗai ya ishe shi, ko ki yi amfani da ƙaramin kan rola. Goshi kuma daga gira zuwa gaban gashi. Kowane layi sau uku zuwa biyar, hanya ɗaya, ba kai da komowa ba, ɗaya hannun kuma yana tallafe da fatar don kada ta jawu. Duka aikin minti uku zuwa biyar ne, sau uku a sati. Rola ta fi guwasha sauƙin hannu, don haka da ita nake so ki fara. In kika sa ta a firji ta yi sanyi, tana rage kumburin safiya.

Ga yadda satinki zai iya kasancewa. Kullum da safe bayan sallar asuba: wanka, bitamin C in fatarki ta karɓe shi, man shafawa, sai man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Ki riƙa sabunta shi bayan alwalar azahar in za ki fita, domin ruwa yana wanke shi. Daren Litinin da Alhamis bayan isha: retinol da man shafawa, babu dutse. Daren Talata da Juma'a da Lahadi: siram mai sanyi da mai da tausa. Laraba da Asabar hutu, man shafawa kawai. Da hunturu ki rage retinol zuwa sau ɗaya in fata ta fara bushewa, kuma kada ki bar hayaluronik asid tsirara a fuska. Shi mai jawo ruwa ne, in iska ta bushe ƙamas kuma ba ki rufe shi da mai ba, fuskar za ta ƙara ɗamewa da bushewa.

Maganar rola mai allurai

Amsata a nan a'a ce, kuma ina roƙon ki da ki riƙe ta. Ita wannan ba kayan tausa ba ce. Huda fata take yi ɗaruruwan wurare, ta buɗe ƙofar da Allah ya rufe. Gaskiya ne likitoci suna amfani da wannan dabara don tabon ƙuraje, kuma tana aiki a hannunsu, da allura sabuwa da ake yarwa bayan amfani ɗaya, da abin shafawa da aka tanada musamman ba ƙwayar cuta a cikinsa. Siram na kanti kuwa an yi shi ne don saman fata, yana da turare da sinadaran hana lalacewa waɗanda bai kamata su shiga nama ba. A 2014 mujallar likitocin fata ta JAMA Dermatology ta kawo labarin mata uku a Amurka da fuskokinsu suka yi ƙulluwa masu taurin warkewa bayan an huda su da allurai an shafa musu kayan gyaran fata, biyu daga cikinsu siram na bitamin C ne. A 2024 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da ƙwayar HIV a wani gidan gyaran jiki marar lasisi a jihar New Mexico, inda ake yin irin wannan huda da jini. Ki ƙara da cewa mu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Tsafta, sayayya, da waɗanda za su haƙura

Ki wanke dutsen da sabulu da ruwan ɗumi bayan kowane amfani, ki busar da shi, ki adana a tsaftataccen ƙyalle. Kada ki yi aron sa, kada ki ba da aro, ko ga 'yarki ko ƙanwarki. In ya tsage ko bakinsa ya ɓantare, ki rabu da shi. Kada tsadar dutse ta ruɗe ki: kore ne ko ruwan hoda, fata santsi da sanyi kawai ta sani. Na bakin ƙarfe marar tsatsa ya fi sauƙin wankewa, ba ya kuma fashewa. Yatsunki masu tsafta ma suna yin mafi yawan aikin kyauta.

Kuɗinki ki zuba su a man kariya daga rana da siram na gaskiya. Ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa da jerin sinadarai. Ki guji duk haɗin da aka ɗura a kwalba babu bayanin abin da ke ciki, ko da an kira shi na gargajiya ko na ganye, domin ta wannan ƙofar sitiroyid ke komawa fuskar matan da suka yi zaton sun rabu da shi.

Ba a tausa a kan ƙuraje masu ruwa, ko kirci, ko ƙuna, ko buɗaɗɗen ciwo, ko ƙurajen zazzaɓi na gefen baki. Mai shan maganin tsinka jini da wadda aka yi wa allurar cika fuska ko Botox kwanan nan su fara jin ta bakin likitansu.

'Yar'uwa, fatar matashi tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ta sauya sabon shimfiɗi, a shekarunmu kuma ta fi haka jinkiri. Retinol yakan buƙaci wata uku kafin a fara ganin aikinsa, baƙin tabo kuma wani lokaci wata shida ko fiye. Ki ɗauki hoton fuskarki yau a bakin taga, ki sake ɗauka a wuri ɗaya bayan wata uku, kada ki riƙa tuhumar madubi kowace safiya. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ga dutsen a hannunki, saura haƙurin, kuma wadda ta iya shekara guda ba ta koma wa man bilicin ba ta riga ta nuna tana da shi. Launin da ke dawo miki yanzu shi ne wanda aka haife ki da shi, ki tarbe shi da hannu mai taushi. Ki sake rubuto mini bayan wata uku in ji yadda kumatun suka yi. Allah ya ba ki lafiya, ya raya zuri'a.